Isaac Newton: Masanin da ya shekara hamsin yana binciken Littafi Mai Tsarki a ɓoye

A ranakun 13 da 14 ga watan Yuli na shekarar 1936, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya fito da wani tarin tsoffin takardu kasuwa. Rubutun hannun Isaac Newton ne, wanda ya shekara sama da 200 a hannun danginsa, aka kasa shi kashi fiye da 300. Manyan ɗakunan karatu na Ingila ba su nuna wani ɗoki ba. Dillalan littattafai ne suka fi yawa a zauren, kuma kuɗin da aka tara gaba ɗaya bai wuce fam 9,000 da 'yan kai ba.

Waɗanda suka zauna suka karanta takardun daga baya sun gamu da wani Newton da ba a koyarwa a ajin kimiyya. Mutumin da duniya ta sani da dokokin motsi da maganaɗisun ƙasa ya bar rubutu da ya haura kalmomi miliyan ɗaya a kan Littafi Mai Tsarki, da tarihin Ikkilisiya ta farko, da littattafan malaman Yahudawa. Ya kai ga wata matsaya da dokar ƙasarsa ta haramta, ya riƙe ta kusan shekara hamsin, kuma bai taɓa fitowa fili ya faɗe ta ba. A wannan tsakani ya zama farfesa, ya zama ɗan majalisa, ya zama shugaban gidan buga kuɗin ƙasa, yayin da wasu da suka furta irin abin da ke ransa suka rasa aikinsu, wani ma ya rasa ransa.

Maraya a gidan kaka

An haifi Newton a ƙauyen Woolsthorpe da ke yankin Lincolnshire ranar 25 ga Disamba, 1642, bisa tsohuwar kalandar Ingila. Mahaifinsa manomi ne mai rufin asiri wanda bai iya rubuta sunansa ba, kuma ya rasu wata uku kafin haihuwar ɗan. Yana da shekara uku mahaifiyarsa Hannah ta auri wani dattijon limamin coci mai suna Barnabas Smith, ta tare a gidansa, ta bar yaron a hannun kaka. Wannan rabuwa ta bar masa tabo. A cikin wani jerin zunubai da ya rubuta wa kansa a 1662, ya ambaci cewa ya taɓa yi wa mahaifiyarsa da mijinta barazanar ƙone su tare da gidan da suke ciki.

Smith ya rasu a 1653, ya bar littattafan addini masu yawa da wani ƙaton littafin rubutu da kusan babu komai a cikinsa. Wannan littafi ya faɗa hannun Newton, kuma a cikinsa ya yi wasu daga cikin lissafinsa na farko. Bayan karatu a garin Grantham, ya shiga Kwalejin Triniti ta Jami'ar Cambridge a 1661, a sahun ɗaliban da ke yi wa manya hidima a madadin wani ɓangare na kuɗin makaranta. Da annoba ta sa aka rufe jami'ar a 1665, sai ya koma ƙauye, inda ya aza harsashin aikinsa kan lissafi da haske da motsin taurari. A 1667 aka ɗauke shi cikin malaman kwalejin masu ɗaki da abinci da albashi, a 1669 kuma ya gaji malaminsa Isaac Barrow a kujerar farfesan lissafi, yana da shekara 26.

Rantsuwar da ta tura shi ga littattafai

Muƙamin yana da sharaɗi. A Ingila ta wancan zamani, coci da gwamnati da jami'a abu ɗaya ne. Duk mai son digiri ko aikin koyarwa sai ya sa hannu cewa ya yarda da ƙa'idojin imani 39 na Cocin Ingila, wanda na farkonsu shi ne aƙidar Triniti, wato cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, dukansu daidai a ɗaukaka da dawwama. Bugu da ƙari, dokar kwalejin ta tilasta wa malamanta su karɓi naɗin limanci cikin shekara bakwai da samun digiri na biyu, ko su ajiye aiki. Wa'adin Newton zai cika a 1675.

A cikin shekarun 1670 ya duƙufa kan nazarin addini da irin nacin da ya yi wa lissafi. Ya buɗe littafin rubutu, ya yi kanun batutuwa, yana jera ayoyi a ƙarƙashin kowane. Daga nan ya tsallaka zuwa rubuce-rubucen shugabannin Ikkilisiya na ƙarnonin farko, irin su Jastin Shahidi, Irenayus, Tartuliyan, Orijen, Yusibiyus, Jerom da Agustin, yana karanta su da Latin da Helenanci, yana kwafe dogayen sassa da hannunsa. Tambayarsa ta mai bin diddigi ce: me Kiristocin farko suka yi imani da shi, yaushe aka fara faɗar abin da ake faɗa yanzu, wa ya fara faɗarsa, kuma wa ya amfana?

Amsar da ya kai gare ta ita ce, Uba shi kaɗai ne Allah Maɗaukaki, Almasihu kuwa yana ƙarƙashinsa, kuma aƙidar daidaito tsakaninsu a ƙarni na huɗu ta kafu. A nan akwai buƙatar a yi wa mamaci adalci, domin masu jayayyar addini kan ja shi ɓangarensu. Newton Kirista ne har ya koma ga Mahaliccinsa. Ya yarda Yesu shi ne Almasihu kuma Ɗan Allah, ya yarda da mutuwarsa da tashinsa da dawowarsa, ya kuma ɗauki Littafi Mai Tsarki a matsayin wahayi. Saɓaninsa da cocinsa ya tsaya ne a kan matsayin Ɗa a gaban Uba, amma a idon dokar lokacin, wannan saɓani ya isa ya rushe mutum.

Mai irin wannan matsaya ba zai iya karɓar naɗin limanci da zuciya ɗaya ba. A farkon 1675 Newton ya sanar da sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society cewa yana gab da rasa muƙaminsa na kwaleji, saboda haka kuɗin shigarsa za su ragu. Sai ga shi a watan Afrilu na shekarar Sarki Charles na Biyu ya ba da takardar sassauci, wadda ta ɗauke wa duk mai riƙe da kujerar farfesan lissafin nauyin zama limami. Newton ya tsira da aikinsa ba tare da ya bayyana ainihin dalilinsa ga kowa ba. Ya ci gaba da zama a kwalejin da sunanta ma Triniti ne, har tsawon shekara ashirin bayan haka.

Tuhumar da ya shirya wa Atanasiyus

Wanda Newton ya ɗora wa laifi shi ne Atanasiyus, bishop na Iskandariyya a Masar, wanda ya rasu a shekara ta 373. Asalin rikicin ya faro ne da wani limami na birnin mai suna Ariyus, wanda ya koyar da cewa Ɗa yana da mafari, Uba kuwa ba shi da shi. Gardama ta yi zafi har Sarkin Rum Konstantin ya kira taron bishop-bishop a garin Nikiya a shekara ta 325. Taron ya yi tir da Ariyus, ya amince da wata kalmar Helenanci mai nufin cewa Uba da Ɗa zatinsu ɗaya ne. Newton ya yi ta nanata cewa wannan kalma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma bai halatta a mayar da kalmar da mutane suka ƙirƙira ta zama ma'aunin imani ba. Ya ga laifin ɓangarorin biyu wajen shigo da falsafa cikin addini, amma fushinsa ya fi sauka kan wanda ya yi nasara.

Ya rubuta wata doguwar maƙala cikin sigar tambayoyi a kan halaye da ayyukan Atanasiyus da mabiyansa, kamar lauya mai gabatar da ƙara. Ga misali guda. An daɗe ana ba da labarin cewa Ariyus ya yi mummunar mutuwa a makewayi a birnin Konstantinoful a shekara ta 336, ana ɗaukar hakan a matsayin hukuncin Allah. Newton ya bi sawun labarin, ya nuna cewa tushensa Atanasiyus ne, wanda ba ya birnin a lokacin, kuma sai bayan shekaru masu yawa ya rubuta shi. Daga nan ya tambaya: me ya sa marubutan da suka biyo baya duk suka dogara da bakin abokin gaba guda ɗaya? Haka ya riƙa gwada ranakun wasiƙu, yana duba ko mai ba da shaida zai iya kasancewa a wurin da ya ce ya kasance.

Abin da ya fi damunsa shi ne shigar mulki cikin aƙida. A shekara ta 380 Sarki Tiyodosiyus ya mayar da imanin Nikiya doka a daular Rum, taron Konstantinoful na 381 kuma ya ƙarfafa shi. A ganin Newton, daga ranar da takobin sarki ya zama mai raba gardamar malamai, addini ya shiga hatsari. Masana tarihi na yau sun yaba masa kan zurfin karatu, amma da yawansu na ganin ya karanta shaidun ne da idon mai neman kama mai laifi: yakan gaskata kowace tuhuma a kan Atanasiyus, ya yi shakkar kowace kariya. Cocin Katolika da na Otodoks da na Angilikan har gobe suna girmama Atanasiyus a matsayin waliyyi kuma mai kare imani, wanda sarakuna suka kora daga kujerarsa har sau biyar.

Abin da ya nema wurin malaman Yahudawa

Newton ya yarda cewa ba za a fahimci Sabon Alkawari ba sai an san duniyar Yahudawa da ya fito daga cikinta. Ya koyi Ibrananci gwargwadon abin da zai iya duba kalma da taimakon ƙamus. Ya karanta Josefus, marubucin tarihin da ya ga rushewar Haikalin Ƙudus a shekara ta 70, da Filo na Iskandariyya. Ya yi amfani da fassarar Latin ta sassan Mishna da Talmud, musamman sashen da ya bayyana ma'aunan Haikali, da kuma littattafan Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawan da aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204.

Da waɗannan ya ɗauki surori na 40 zuwa 48 na littafin Ezekiyel, inda aka zayyana Haikali kamu-kamu, ya gwada matanin Ibrananci da tsohuwar fassarar Helenanci, ya zana taswirar ginin da farfajiyarsa da ƙofofinsa. Da ya ga ba a san tsawon kamun da aka yi awon da shi ba, sai ya rubuta maƙala guda a kan wannan kaɗai, yana amfani da awon da Baturen Ingila John Greaves ya yi wa dalar Masar. Dalilin duk wannan wahala shi ne imaninsa cewa wahayin da ke cikin Ru'ya ta Yohanna a cikin Haikali ake nuna shi, saboda haka wanda bai san inda bagade da fitilu suke ba, da yadda ake ibadar idi, ba zai gane abin da Yohanna ya gani ba. Ya bi sawun wani malamin Cambridge da ya gabace shi, Joseph Mede, ya tsara ƙa'idojin fassara annabci, ya kuma haɗa wani irin ƙamus na alamomi: rana tana nufin sarki, dabba tana nufin daula, ƙaho yana nufin masarauta.

Ƙididdigar da aka yi wa ɗakin karatunsa a ƙarni na 20 ta nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na littattafansa na addini ne, adadin da ya zarce na lissafi da na kimiyyar lissafin halitta idan an haɗa su. Yana da kwafin Littafi Mai Tsarki kusan talatin cikin harsuna daban-daban.

Gaban sarki da gaban majalisa

A 1687 aka buga babban littafinsa na Principia da kuɗin abokinsa Edmond Halley. A wannan shekara ce kuma ya fara shiga siyasa. Sarki James na Biyu, wanda ɗan Katolika ne, ya umarci Jami'ar Cambridge ta ba wani fada mai suna Alban Francis digiri ba tare da ya yi rantsuwar da doka ta tanada ba. Newton na cikin waɗanda suka dage cewa umarnin sarki bai fi doka ba, yana kuma cikin wakilan jami'ar da suka gurfana gaban alƙali George Jeffreys, wanda ya yi ƙaurin suna wajen aika mutane ga igiya. An tsige shugaban jami'ar, amma ba a ba da digirin ba. Wajibi ne a faɗa cewa ƙin jinin Katolika na cikin abin da ya zaburar da Newton, domin a fassararsa ta annabci, Cocin Rum ya ɗauka a matsayin cibiyar ridda.

Bayan an kori James a 1688, jami'ar ta zaɓi Newton ya wakilce ta a majalisar dokoki a watan Janairun 1689. Wannan majalisa ce ta zartar da dokar sassauci, wadda ta ba Kiristocin Furotesta da ba sa bin Cocin Ingila damar yin ibadarsu. Dokar ta ware rukuni biyu da ba ta shafa ba: 'yan Katolika da masu musun Triniti. Ɗaya daga cikin mutanen da aka ware ɗin yana zaune a zauren, kuma babu inda aka rubuta cewa ya tashi ya yi magana.

Wasiƙar da ya aika sannan ya janye

A Landan ya ƙulla abota da masanin falsafa John Locke, wanda shi ma mai nazarin Littafi Mai Tsarki ne. A watan Nuwamban 1690 ya aika masa da wata doguwar maƙala kan wurare biyu da ya ce an sauya a matanin Sabon Alkawari. Ita ce aikinsa na addini da ya fi jure wa gwajin zamani.

Wuri na farko shi ne Wasiƙar Yohanna ta Fari, sura 5, aya 7, inda fassarar Turanci ta 1611 ke ɗauke da jimlar da ta ambaci shaidu uku a sama ta kuma ce su ɗaya ne. Newton ya tara hujjoji. Jimlar ba ta cikin tsoffin kwafe-kwafen Helenanci, ba ta cikin tsoffin fassarori irin na Suriyanci da na Habasha. Malaman ƙarni na huɗu da suka yi ta tono kowace aya don kayar da mabiya Ariyus ba su kawo ta ba, alhali da tana nan da ita za su fara. Erasmus, wanda ya fara wallafa Sabon Alkawari na Helenanci a 1516, bai sa ta ba a bugu na farko da na biyu, sai a na uku a 1522, bayan an matsa masa lamba kuma an nuna masa wani kwafi guda. Newton ya kammala da cewa jimlar ta faro ne a matsayin sharhin malaman Latin, aka rubuta ta a gefen shafi, sannu a hankali masu kwafa suka shigar da ita cikin matani.

Wuri na biyu shi ne Wasiƙar Bulus ta Fari zuwa ga Timoti, sura 3, aya 16. A tsohon rubutun Helenanci, gajeren rubutun kalmar Allah da kalmar da ke nufin “wanda” haruffa biyu ne kowannensu, kuma 'yan ƙananan layuka ne suka bambanta su. Newton ya nuna cewa tsoffin fassarori da malaman farko ba su karanta kalmar Allah a wurin ba.

Shirin shi ne Locke ya tura maƙalar Holan wurin Jean Le Clerc, a fassara ta zuwa Faransanci, a buga ba tare da suna ba. Locke ya tura, aiki ya yi nisa. A farkon 1692 Newton ya tsorata, ya roƙi a dakatar da komai, ya ce zai biya abin da aka kashe. Ba a buga ta ba sai a 1754, shekara 27 bayan rasuwarsa.

Lokaci ya gaskata shi a kan asalin batun. Kwafin ƙarni na huɗu da Constantin von Tischendorf ya fito da shi daga gidan ibadar Dutsen Sina'i a ƙarni na 19 ba shi da jimlar shaidu uku, kuma sabuwar fassarar Turanci ta 1881 ta cire ta, ta kuma gyara ayar Timoti. Amma ya yi kuskure wajen zargin Jerom da shigar da jimlar, domin mafi tsufan kwafe-kwafen fassarar Jerom ba su da ita a matani. Haka nan, malaman da suka yi gyaran 1881, irin su Westcott da Hort, limaman Angilikan ne masu imani da Triniti, waɗanda suka riƙe cewa aƙidar ba a kan aya ɗaya ta tsaya ba. Abin da Newton ya tabbatar tarihin matani ne. Muhawarar aƙida kuwa ba ta ƙare da shi ba.

Waɗanda suka biya farashin magana

Tsoron Newton yana da tushe. A ranar 8 ga Janairu, 1697, aka rataye wani ɗalibi ɗan shekara 20 mai suna Thomas Aikenhead a birnin Edinburgh na Scotland bisa laifin saɓo, kuma izgili ga Triniti na cikin tuhumar da aka yi masa. A 1698 majalisar Ingila ta yi dokar da ta tanadi korar duk mai musun Triniti daga muƙamin gwamnati, da ɗaurin shekara uku idan ya maimaita. A lokacin Newton ya riga ya bar Cambridge a 1696 zuwa gidan buga kuɗin ƙasa, inda ya zama shugaba a 1699. Can ma bin diddigi ya yi: yana ɗaukar bayanan shaidu da kansa, yana da masu kawo masa rahoto a gidajen giya da kurkuku, har ya kai gawurtaccen mai buga jabun kuɗi William Chaloner ga rataya a watan Maris na 1699. A 1703 ya zama shugaban Royal Society, a 1705 Sarauniya Anne ta ba shi lambar girma ta Sir.

Magajinsa a kujerar farfesa, William Whiston, ya kai ga irin matsayarsa, amma shi bai iya riƙe baki ba. Ya yi wa'azi, ya buga littattafai, ya rubuta wa manyan limamai. A watan Oktoban 1710 jami'ar ta kore shi, ya koma Landan da iyalinsa yana neman abinci da laccoci da rubutu, kuma a cikin wannan hali ya fassara ayyukan Josefus zuwa Turanci a 1737, fassarar da har yau ake bugawa. Newton bai fito ya kare shi ba. Whiston ya rubuta daga baya cewa Newton ne ma ya hana a shigar da shi Royal Society. Wani amininsa kuma, limami Samuel Clarke, ya buga littafi kan Triniti a 1712, aka kai ƙararsa gaban majalisar limamai a 1714, ya tsira bayan ya yi alkawarin barin batun.

Newton kuwa ya ci gaba da zuwa coci, yana ba da sadaka, har ya zauna a kwamitin gina sabbin coci-coci a Landan. Masu kare shi na cewa ya yi imani cewa irin waɗannan mas'aloli na manyan ɗalibai ne, bai dace a raba kan jama'a da su ba, kuma lokacin bayyanar gaskiya bai yi ba. Masu sukarsa na cewa wanda ya fi kowa daraja a ƙasar shi ne ya fi kowa damar yin magana ya tsira, amma ya bar ƙanana suka sha dukan. Iyakar abin da ya yi a bainar jama'a shi ne ɗan taƙaitaccen bayani kan Allah da ya ƙara a ƙarshen bugu na biyu na Principia a 1713, inda ya jaddada cewa mulki da sarauta ne ma'anar allahntaka. Waɗanda suka san yaren gardamar sun gane inda ya dosa, sauran masu karatu kuwa suka wuce.

Tsufa, mutuwa da tafiyar takardu

Shekarunsa na ƙarshe sun tafi ne wajen gyara lissafin shekarun daulolin dā. Yana son nuna cewa Girkawa da Masarawa sun ƙara wa tarihinsu tsawo, kuma masarautar Isra'ila ta riga yawancinsu wayewa. Ya yi amfani da matsakaicin tsawon mulkin sarakuna da matsayin taurari, ya rage wa tarihin Girka ɗaruruwan shekaru, ya sa faɗuwar birnin Troy a shekara ta 904 kafin haihuwar Almasihu. An buga littafin a 1728, kuma binciken tono ƙasa da karanta rubutun Masar da na Babila da aka yi daga baya sun rushe lissafin. Littafinsa kan annabcin Daniyel da Ru'ya ta Yohanna ya fito a 1733, wanda dangi suka haɗa daga rubuce-rubucensa, ba tare da sassan da suka fi zafi ba.

A cikin takardun da ba a buga ba ne aka samu shekarar 2060, wadda ta cika jaridun duniya a 2003. Ya ɗauki kwana 1,260 da aka ambata a annabci a matsayin shekaru, ya ƙirga daga shekara ta 800 da aka naɗa Sharlaman sarauta a Rum. Bai ce duniya za ta tashi a shekarar ba. Ya rubuta cewa ba ya ganin dalilin da zai sa ƙarshen wannan zamani ya zo kafin nan, kuma manufarsa ita ce ya taka wa masu yawan tsayar da ranar tashin duniya burki, domin duk sanda hasashensu ya faɗi, annabcin ne ke zubewa a idon mutane.

Ya rasu a Kensington ranar 20 ga Maris, 1727, bisa tsohuwar kalanda, yana da shekara 84, bai taɓa aure ba. John Conduitt, mijin 'yar 'yar'uwarsa, ya rubuta a cikin bayanansa cewa a kan gadon mutuwa Newton ya ƙi karɓar Jibin Ubangiji daga hannun cocin. Dangi ba su yayata wannan ba. An binne shi a majami'ar Westminster tare da sarakuna, manyan ƙasa na ɗauke da mayafin akwatin gawarsa.

Wani likita mai suna Thomas Pellet, wanda aka ɗora wa duba takardun, ya yi wa mafi yawansu alamar cewa ba su dace a buga ba. Ta hanyar aure suka koma gidan sarautar Portsmouth. A 1872 mai gidan ya miƙa su ga Jami'ar Cambridge, wadda ta riƙe na kimiyya ta mayar da na addini da na alkimiyya, wato tsohon ilimin neman juya ƙarfe zuwa zinariya. Su ne aka yi gwanjonsu a 1936. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya tattara da yawa daga cikin na alkimiyya ya bar wa Kwalejin King's ta Cambridge. Abraham Shalom Yahuda, masanin harsunan Larabci da Ibrananci da aka haifa a Ƙudus cikin dangin da suka fito daga Bagadaza, shi ya bi dillalai ya saye mafi yawan na addini. Ya rasu a 1951, kuma bayan doguwar shari'a kan gadonsa, takardun suka isa babban ɗakin karatu da ke Ƙudus a ƙarshen shekarun 1960.

Majalisar Birtaniya ta ɗauke hukuncin da ke kan masu musun Triniti a 1813, shekara 86 bayan an binne Newton. A 1998 wasu masana suka kafa shirin Newton Project domin kwafe rubuce-rubucensa su ɗora a intanet. Maƙalar da ya roƙi Locke ya dakatar, da tuhumar da ya shirya wa Atanasiyus, da awon Haikali, yanzu duk wanda ke da waya zai iya buɗe su, har da wuraren da ya soke kalma ya sake rubuta wata a samanta.